Fiyano a Cikin Rumbu

A ƙauyenmu, can bayan Barmu, ba a tambayar ɗan cin rani ranar da zai dawo. Kayanshi ake jira. In anka ga akwati ko katifa ko buhun shinkafa ya sauka ƙofar gidan uba, to an san mai shi na bisa hanya, ba ya wuce kasuwa biyu ko uku. Haka na tashi na tarar, haka ni ma na yi shekarun da nake zuwa Abija, can bakin teku, talla, kafin gwiwoyina su ce sun gaji da ni.

Ɗana ya shekara shida can bai leƙo gida ba. Ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunanshi a bakina ba, uwarshi ma "wancan" take ce mishi. Kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Ba ka ɗaukarshi gaban mutane, ba ka yabonshi, ba ka nuna ka yi marmarin ganinshi. Sauran ɗiyana mata ne, duk suna ɗakin mazansu. Gona na nan tana jiran hannu, nawa kuma sun fara rawa in na riƙe hauya.

Wata rana cikin bazara na hau tudun bayan gari, inda kaɗai waya ke kamawa, sai ga kiranshi. Bayan gaisuwa ya ce ya sa wani kaya a motar mutanen Tawa, in je in karɓa in ajiye mishi, zai gaya mini abin da za a yi da shi. Iyakar maganarshi ke nan. Bai ce yana tafe ba. Ni na ƙara wannan da kaina tun ban sauko daga tudun ba, kafin la'asar kuwa duk gari ya ji cewa kayan wancan sun iso Tawa, shuka ta bana da shi za a yi.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar ubana, tsarana ne, mai amalanke da jaki ɗaya. Bakinshi ya fi jakin gudu nesa ba kusa ba. Na same shi na ce ya raka ni. Ya ce zai je, ba don ni ba, don ya ga abin da ɗan maƙaryaci zai aiko ma maƙaryaci.

A tashar Tawa anka nuna mana abin jingine da bango. Akwati ne baƙi, dogo, ya kusa kai mini kafaɗa in an tsayar da shi, kusurwoyinshi duk ƙarfe, da marikai a gefe, da wasu ƙafafu biyu ƙanana kamar na keken wasa a gindinshi. Na kama mariƙi ɗaya na ɗaga don in nuna ma ƴan tasha cewa har yanzu da saurana. Akwatin bai ko san na taɓa shi ba. Direban motar da ta kawo shi ya ce shi ma bai san mi ke ciki ba, ya dai san wurin mutum biyu ya cinye mishi tun daga bakin teku. Ko kwaɗo babu a jikinshi, maɓallai ne huɗu da yatsa ɗaya zai buɗe. Amma kayan ɗan cin rani ba a buɗe su sai mai su ya zo ya buɗe da hannunshi, ya raba tsaraba. Ban taɓa maɓallan ba.

Wani mai hankali a tashar ya ce in bar shi nan wurin mai ajiya har yaron ya faɗi abin da yake so. Na ce kayan ɗana ba su kwana a tasha ubanshi na da rai. Wani ya ce to in sa shi a motar kasuwa. Na je na duba motar, na ga an riga an ɗaure awaki a sama, mutane kuma na zaune bisa buhuna suna lilo da ƙafa. Na san bisa akwatin nan za su zauna. Na ƙi. Taubashina ya ce ni da ban taɓa kakkaɓe tabarmar da nake kwana a kai ba, yau ni ke tsoron ƙura ta taɓa akwati.

Mutum huɗu sunka ɗora mana shi a amalanke. Amalanken gajere ne, akwatin ya leƙo baya da kusan rabinshi. Suna sakin hannu, baya ya yi ƙasa, gaba ya yi sama, jakin ya tashi da ƙafafunshi na gaba yana tuƙa iska. Duk tashar ta yi dariya, har da mai sayar da shayi da ya bar tukunyarshi ya zo kallo. Munka sauke, munka shimfiɗa karan dawa da tsohon bargo, munka matsar da shi gaba har ya kusa taɓa wutsiyar jakin, munka ɗaure da igiya. Duk da haka sai taubashina ya zauna can gaba bisa sanda kafin abin ya daidaita. Wurin zamana ke nan ya tafi. Shi a zaune, kaya a kwance, ni a ƙasa ina bin su kamar maroƙi.

Wanda ya san ƙasarmu ta Adar ya san hanyarmu iri biyu ce, in ba dutse ba to rairayi. Bisa dutse amalanke na tsalle, kowane tsalle sai in ji shi a haƙarƙarina, in ruga in dafa akwatin. Cikin rairayi kuma taya ta nutse, jaki ya tsaya ya waiwayo ya dube mu. Sau ɗaya munka sauke shi don mu ja shi da ƙafafun nan nashi. Taku uku sunka yi sunka shige rairayi har wuya. Wanda ya ƙera su bai taɓa zuwa garinmu ba. Munka komar da shi da taimakon wasu masu raƙuma da Allah ya kawo. Tafiyar da mota ke yi kafin azahar, mu sai da munka kwana a hanya.

Amma ni a lokacin ban ji gajiya ba. Duk wanda munka gamu da shi sai ya tambayi mi ke ciki, ni kuma ban hana kowa amsa ba. Na ce ma wani injin ban ruwa ne. Na ce ma wata tsohuwa keken ɗinki ne mai kai uku. Wani malami da ya matsa mini da tambaya, na ce mishi littattafai ne, yaron ya zama shehi. Taubashina ya ce in ƙarya na da nauyi, da jakinshi ya mutu tun a bakin gari.

Da munka isa gida sai wata matsala ta taso. Ɗakinmu na yoyo, gara kuma ta cinye mana har ƙofa. Uwar gidana ta zagaya akwatin sau biyu, ba ta taɓa shi ba, ta ce ba za a ajiye kayan wancan inda ruwa zai same su ba. Wuri ɗaya ne busasshe a gidan, babban rumbun da ubana ya gina. Irin rumbunmu ne na laka, mai ciki kamar tulu, bakinshi a sama, da hular ciyawa. Bakin bai fi mutum ɗaya ya zura ba. Na hau da gatari na fasa shi da hannuna har ya yi faɗin akwatin. Na kira maza huɗu, munka ɗaura igiyar guga, biyu na turawa daga ƙasa, biyu na ja daga sama, munka zura shi a tsaye sannu a hankali.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, duk wanda ya hau ya ja igiya sai ya leƙa ciki. Rumbun babu komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Tun tsakiyar rani hatsinmu ya ƙare, ni kuma kullum da safe nakan hau in buɗe hular in yi kamar ina ɗiba, don maƙwabta. Ran nan maza biyun da ke sama sunka ga gindinshi da idonsu. Ɗayansu dai ya aiko mana da damin gero washegari, ya ce wai iri ne in gwada. Ban damu ba. Na ce a raina mai kaya na tafe, in ya zo rumbu zai cika.

Kasuwa uku ta wuce, huɗu ta wuce. Ƴan cin rani na ta saukowa, gidan wane a yi guɗa, gidan wane a yanka akuya. Ruwan farko ya sauka, munka yi shuka ni da tsohuwa, uwar gidana, ina sara tana binne iri da diddige. Sai bayan nan ya sake kira.

Ya ce abin da ke cikin akwatin fiyano ne, irin mai aiki da wuta, wanda ake kaɗawa a manyan bukukuwa. Wani mai gida da ya yi ma gadi ne ya bar mishi da zai koma ƙasarsu. Ya ce sun gama magana da wani mai kiɗa a Tawa, zai saya, in kai mishi. Da ya ji na kawo shi har ƙauye sai ya ce ai da na bar shi a tasha. Na tambaye shi shi kuma yaushe. Ya ce Abija ta mutu, babu abin da ake samu, abokanshi sun yi arewa, Libiya, kuɗin fiyanon nan su ne kuɗin motarshi. Ba zai biyo ta gida ba, don in ya biyo ba zai iya wucewa ba.

Na san hanyar nan ko ban taɓa bin ta ba. Gidaje nawa ne a garinmu da ke da ɗa can, ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma daina jira ba. Abin da ke bakina shi ne kada ka tafi, ka zo gida. Abin da ya fito shi ne "To."

Da na gaya ma tsohuwa, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ka ce ma wancan gona ta fi ƙarfinka. In ya ji daga bakinka zai zo."

Na ce zan faɗa. Amma ni mutum ne da bai taɓa bin ƙofa ba in akwai katanga. Na yi lissafi na ga in fiyano bai isa Tawa ba, babu kuɗin mota, in babu kuɗin mota babu Libiya. Sai na shiga sana'ata. Kira na gaba na ce jakin taubashina ya yi targaɗe. Na bayanshi na ce taubashin ne da kanshi ya tafi Tebaram gaisuwar mutuwa. Na kashe ma taubashin suruka da ta riga ta shekara goma a ƙasa. Da ya tambayi gona, a nan ne ya kamata in faɗi saƙon uwarshi. Sai na ji kaina ina cewa gero ya yi kyau bana, ni kaɗai na gama noman farko, yaran gari ma mamakina suke. Ina faɗa bayana na ciwo kamar an sa mini garwashi.

Ɗana ne, ya san ni. A kira na huɗu bai bari na fara ba.

"Baba, ko ka kai ko ba ka kai ba, tahiya zan yi. In ka kai, cikin mota mai kyau. In ba ka kai ba, cikin wadda na samu."

Na tsaya bisa tudun har wayar ta mutu a hannuna.

Fitar da shi ya fi sa shi wuya. Abin da anka zura da igiya bai yarda ya hau da igiya ba, kusurwarshi ta ƙarfe na kama laka duk sanda munka ja. Ƙarshe sai da na fasa cikin rumbun daga gefe, munka jawo shi kwance kamar ana fid da ɗan maraƙi. Tsohuwa ta shige ɗaki ba ta fito ba har munka tashi.

A wannan tafiyar da wata niyya na fita. Ban shimfiɗa kara ba, ban sa bargo ba, igiyar ma sako-sako na ɗaura. Da munka kai inda hanya ta rabu, na ce mu bi ta bisa dutse. Tunanina shi ne in abin ya lalace a hanya, ba ni na hana ba, Allah ne ya hana, mai kiɗa ya ce bai saye, yaro ya rasa na mota ko wace iri, ya dawo gida ko don ya yi mini faɗa. Taubashina ya dubi igiyar, ya dube ni. Ya ce shekara sittin yana ganin wautata, amma bai taɓa ganin wanda zai yi kwana biyu yana jan kaya don ya fasa su ba, alhali magana ɗaya ce za ta fid da shi. Na ce ya kula da jakinshi. Ya ce jakin ma in ɗanshi zai faɗa rijiya yana yin kuka.

Amalanke ya yi ta tsalle bisa duwatsu, akwatin na bugun katako, ni kuma ina baya na harɗe hannuwana don kada su je su dafa.

Kafin a kai Tawa akwai wata ƙorama da munka ratsa a bushe da zuwa. Yanzu an yi ruwa a gabas, tana gudu ja wur, ta kai cinya. Jaki ya ƙi shiga da kaya. Babu kowa a wurin sai mu biyu, tsofaffi, da akwatin da maza huɗu ke ɗauka. Munka jawo shi bakin amalanke, ya sa kafaɗa a gaba, na sa a baya, munka shiga. Ƙasa na zamewa ƙarƙashin ƙafata, ruwa na ja. A tsakiya na ce ma kaina ga wurin. Ba sai na yi komai ba, kafaɗa kawai zan karkata, ruwa ya gama sauran, kuma babu mai zargin tsoho don ya zame a ƙorama.

Ban iya ba. Nauyin nan da ke danne mini wuya, na tuna ban taɓa ɗaukar yaron nan ba ko sau ɗaya, ko yana jariri, ko ranar da ƙyanda ta kwantar da shi kakarshi ce ta goya shi zuwa likita ina biye daga nesa kamar baƙo. Wannan ne abu na farko nashi da ya taɓa hawa kafaɗata. Da ƙafata ta zame da gaske, sai na ji na ƙara ɗaga shi sama, na durƙusa cikin ruwa har ƙirji, wani abu ya ce ƙas a bayana, amma akwatin ko ɗigo bai taɓa ba. Taubashina bai yi mini ba'a ba da munka fita. Ya cire rawaninshi ya shimfiɗa ƙarƙashin akwatin, ya ɗaure igiyar da kyau.

Duk da haka ban fid da rai ba, na ce wataƙila duwatsu sun yi aikinsu.

Mai kiɗan mutum ne mai ƙiba da fara'a, yana da shago cike da lasifika a wata unguwa bayan kasuwa. Ya ce mana sannu da hanya, ya ba mu ruwan sanyi, ya buɗe maɓallan nan huɗu da yatsa ɗaya. Ran nan na fara ganin abin da na yi ta ɗawainiya da shi. Haƙora ne farare da baƙaƙe a jere, cikin soso mai kauri da ya rungume shi ta ko'ina. Da na ga soson nan na fara shakkar ko duwatsu sun yi mishi komai. Ya ɗora shi bisa ƙafafun ƙarfe, ya sa waya a bango, wata ƴar fitila ta kama. Ina ta addu'a a zuci, addu'ar da ban taɓa jin wani uba ya yi ma dukiyar ɗanshi ba. Ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tun daga mai gurnani har mai kukan tsuntsu. Babu wanda ya ƙi. Sannan ya sa hannu biyu ya kaɗa wani abu mai sanyi, har masu wucewa sunka tsaya a ƙofa. Ba zan yi ƙarya ba a nan, abin da daɗi. Ya ce lalle na iya riƙon amana, ko daga kanti aka fiddo shi sai haka.

Nan take ya kira yaron, sunka yi maganarsu, ya ce zai tura mishi kuɗin a ranar. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce ga baba. Taubashina ya tashi ya fita waje wurin jaki, ya ja mai kiɗan da shi, don kada in ce mutane ne sunka hana ni.

Yaron ya yi mini godiya. Ya tambayi jikina, na ce garau. Ya tambayi uwarshi, na ce tana gaishe shi. Amma bai kashe ba. Ina jin motocin Abija a bayanshi, ina jin numfashinshi.

"Baba, akwai wata magana?"

"Babu. Allah shi kiyaye hanya."

"Amin," ya ce. Ya ƙara jira kaɗan, sannan ya kashe.

Da komawa na samu wurin zama a amalanke, amma ban iya zama ba saboda baya, a kwance na iso gida. Yaron ya kira sau ɗaya daga Agadas, ya ce sun samu mota mai kyau, gobe za su shiga hamada. Damina uku ke nan bai sake kira ba. Nakan hau tudun har yanzu, da sanda, in zauna wayar na bisa gwiwata.

Ranar da na dawo daga Tawa, tsohuwa ta bari sai da na sha fura, sannan ta tambaye ni ko na faɗa ma wancan. Na ce na faɗa mishi, har sau biyu, ya ce ba zai zo ba. Ta gyaɗa kai ta ɗauki ƙwaryar. Tun daga ranar ba ta sake tambayata ko ya kira ba, in mata na zancen ɗiyansu da ke arewa sai ta tashi. Tana ganin uba ya roƙe shi ya ƙi. Kullum nakan ce yau zan gaya mata gaskiya, in ta gama daka, in ta gama salla. Jiya ma na ce haka.